Gurasar da Asror Ya Ciza

Shekara goma sha tara ke nan Sabohat tana zaman gindin matakala mai tafiya da kanta, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwarsu a Tashkent, cikin wani ɗan ɗakin gilashi da ita da kanta ta raɗa wa suna akurki. Matakalar biyu ce, ɗaya tana sauko da mutane, ɗaya tana hawa da su, a tsakaninsu kuma wani faffaɗan katako mai santsi ya gangaro tun daga sama, an jera fitilu a tsaitsaye a kansa. A gabanta lasifika, a damanta jan hannun birki. Wanda ya zauna a kan matakala ta daka masa tsawa, wadda gefen rigarta ke jan ƙasa ta daka mata tsawa, in wani ya faɗi ta ja birki. An hana ta karatu, an hana ta hira, an hana ta fitowa sai mai canjinta ta iso. Kowa a tashar opa yake ce mata, wato yaya, don ta girme su kaf, har da shugabar tashar, Feruza Nabiyevna, wadda Sabohat ta sani tun tana 'yar mai sayar da tikiti, tana shiga bayi ta sha kuka in fasinja ya zage ta.

Wannan Feruzar ce watan jiya ta zo da jar hularta ta tsaya a bakin akurkin, don Sabohat ta ja birki a kan gyalen wata mata da ashe bai maƙale ba.

"Sabohat opa, saura miki shekara biyu ki huta," ta ce. "Kada ki sa in rubuta abin da ba na so. In kika sake tsayar da matakalar nan da safe, ba jini ba karaya, ba ni da bakin kare ki."

Sabohat ta ce ta ji. A ranta kuwa cewa ta yi, ji yarinyar da nake share wa hawaye.

To ran nan, wata Talata a watan Maris, ita ce ranar tashinsu daga gida. Tun farkon sanyi motocin rusau suka shigo unguwar suna cin gidaje ɗaya bayan ɗaya, bango yana rawa, kofunan shayi suna karo da juna a kan kanta, har layi ya zo kansu, aka ba su ɗaki uku a hawa na bakwai can ƙarshen gari. Sabohat ta nemi hutun kwana ɗaya ba ta samu ba, mai canjinta ta haihu. Dole ta bar kwasar kayan shekara talatin da ɗaya a hannun mijinta Toshpulat, kuma duk wanda ya san Toshpulat ya san abin da hakan ke nufi. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya zagi, amma in ka aike shi sayen gishiri sai ya dawo maka da buhun albasa da labarin wani abokinsa na soja. Ƙarya ma bai iya ba. Duk lokacin da zai shara ta, hannunsa na dama yake riga bakinsa, ya tafi ga 'yar baƙar hularsa ya gyara mata zama.

Kayan ba su dame ta ba, tukunyar da za ta fashe ta fashe. Abu ɗaya ne a gidan da ta ƙi yarda ya shiga motar kaya.

Ranar da ɗansu tilo Asror zai tafi Rasha aikin gini, shekara uku ke nan, Sabohat ta hura tanderu ta gasa gurasa da hannunta, ta danna mata hatimin uwarta mai zanen fure a tsakiya. A bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, Asror ya ciji gefenta sau ɗaya kamar yadda kowane matafiyi yake yi, aka ɗauke sauran. Rabonsa yana gida yana jiransa, dole ya dawo ya ƙarasa. Asror mai wushirya ne, don haka cizon ya fito da wani siririn tudu a tsakiyarsa, har ta yi dariya cikin hawaye ta ce ko a cikin gurasa dubu za ta gane tasa. Da ta bushe ta ɗinka mata jakar farin yadi saboda ƙuda, Toshpulat ya hau kujera ya rataye ta a ƙusa can kusa da rufi. Ba ta sake buɗe jakar ba, tana tsoron hannu ya ɓare ta.

In maƙwabta suka tambaya sai ta ce al'adar tsofaffi ce kawai. Amma tun watan Oktoba wayar Asror take a kashe. Wata biyar ba kira ba saƙo, abokan aikinsa kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce ya koma wani gari, wani ya ce bai san mai wannan suna ba. Tun daga nan Sabohat ba ta saka takalmi sai ta ɗaga kai ta ga farar jakar a inda take. Muddin gurasar tana nan ɗungurungum, ɗanta yana nan. Ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma da wannan take iya haɗiye abinci.

Da safen ta tsare Toshpulat a tsakar gida, ta ɗaga masa yatsa.

"Baban Asror, saurare ni da kunne biyu. Ban da motar kaya. Ka tare tasi, ka rungume ta a ƙirji, ka kai ta sabon gida, ka rataye ta kafin ko cokali ya shiga."

"Haba Maman Asror, sai ka ce yaro kike aika."

"Da yaro ne ai da hankalina ya kwanta."

Ƙarfe takwas da minti goma, lokacin da tashar ta cika maƙil, ma'aikata da ɗalibai da masu kai kaya kasuwa kowa yana numfashi a ƙeyar wani, Sabohat ta ɗaga ido can saman matakalar saukowa ta hango wata baƙar hula da ta sani. Ta ƙifta ido ko za ta ɓace. Ba ta ɓace ba. Toshpulat ne, a hannunsa na hagu ya tallabo kejin duman nan da yake kiwon salwarsa a ciki, an lulluɓe shi da yadi mai kyau, yana riƙe da shi kamar jariri. Farar jakar kuwa tana maƙale a hammatarsa ta dama kamar tsohuwar jarida.

Shi ma ya hango ta. Fuskarsa ta washe. Kuma bawan Allahn nan, a gaban idonta, ya ɗaga hannun dama don ya gaishe ta.

Jakar ta zame, bakinta ya buɗe, gurasar ta fito ta hau katakon tsakiya a kan gefenta, ta fara gangarowa kamar tayar keke. Ta wuce fitila ta farko, ta wuce ta biyu, ta doki gindin ta bakwai, ta yi rawa, ta kife. Nan ta tsaya, a daidai tsakiyar gangaren, inda hannun mai sauka bai kai ba, na mai hawa ma bai kai ba.

Sabohat ta jawo lasifikar, ta tuna cewa magana iri huɗu kawai aka yarda ta faɗa a ciki, ta ce, "Fasinjoji, a riƙe madafa." Sai kuma ta ƙara da cewa, "Kai mai salwa, Allah ya sauko da kai lafiya, ina jiranka."

Rabin matakalar ya waiga yana neman mai salwa.

Da ya iso ƙasa ya raɓo jikin akurkin, ya sunkuyo ga 'yar tagar.

"Ba ta fashe ba, Maman Asror, na gani da idona, kifewa kawai ta yi."

"Ina tasin?"

"Wallahi babu tasi ko ɗaya a titi yau." Hannunsa ya tafi ga hula.

"Sauke hannunka daga hular nan, kada in fito. Tsuntsu ka rungume, ka sa ɗanka a hammata?"

"Ai ita salwar ba ta son warin fetur, shi ya sa na ce bari mu biyo ta ƙasa, kuma na ce kya gan mu ki ji daɗi."

"Na gan ku. Na ji daɗi."

Ya ajiye kejin a bakin tagarta, ya ce ta duba masa ita minti biyu, ya faɗa matakalar hawa kafin ta buɗe baki.

Da a ce jakar kuɗi ce ta faɗi a wurin, ko wayar wani, da mutane sun kalla sun wuce. Amma gurasa ce, kuma a kife. A garin nan wa zai ga gurasa a kife ya yi shiru? Wata tsohuwa mai haƙoran zinariya ce ta fara, tana saukowa tana tafa hannu.

"Wayyo Allah, gurasa a kife! Jama'a ba maza a nan ne? A juya ta mana!"

Maza kuwa akwai su, abin da ya fi ba Sabohat tsoro ke nan. Duk wanda matakala ta kawo daidai fitila ta bakwai sai ya kwanta da ciki a kan madafa ya miƙa hannu, matakala tana jan ƙafafunsa gaba, shi yana son tsayawa. Wani ɗalibi ya gwada da doguwar takardar zanensa da ya naɗe, ya taɓa gefenta, ta motsa. Wani dattijo mai farin gemu da doguwar rigar auduga ya kai mata sandarsa yana bisimilla, ya ƙwanƙwashi ƙwan fitilar a maimakonta. Wani ƙato mai jakar ofis ya miƙe har ƙafarsa ɗaya ta bar ƙasa, na bayansa ya riƙe masa bel. Duk taɓawa ɗaya Sabohat tana jin ta a haƙarƙarinta. Gurasar shekara uku ce, busasshiya ƙamas, ba ta son ko kallo mai ƙarfi.

"Fasinjoji, kada a jingina da madafa," ta ce a lasifika. "Fasinjoji, na ce kada a jingina. Kai mai jar riga, hannunka! Baba mai sanda, don girman Allah a bar fitilar gwamnati! Kowa ya bar gurasar nan, tana da masu ita!"

"In tana da masu ita su zo su juya ta mana!" tsohuwar ta mayar mata daga ƙasa, don ta ƙi tafiya, ta tsaya ta kafa majalisa a gindin matakala. "Ke 'yata, kina zaune a gilashi kamar kifi, albarka tana kwance a kife a kanki."

Sabohat ta buɗe baki za ta ba ta amsa, sai salwar ta zaɓi wannan lokacin ta rangaɗa kuka daidai bakin lasifika. Tashar duka ta ɗauka, tun daga dandamalin jirgi har ƙofar titi. Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Allah ya yi albarka, opa, yau kin canja murya."

Wayar cikin akurki ta yi ƙara. Ko ba a faɗa ba ta san mai kira.

"Sabohat opa, me nake ji a lasifika? Kasuwar tsuntsaye muka buɗe?"

"Feruza Nabiyevna, gurasa ce ta faɗa kan katako. Ki ba ni izini in tsayar minti ɗaya tak, wani ya hau ya ɗauko."

"Da ƙarfe takwas? Jirgi yana zubo mutum ɗari uku duk minti biyu, in kika tsayar ina za su tsaya, a kan layin dogo? Ki bari sai goma, mai shara zai hau da tsintsiya."

"Tsintsiya? A kan gurasa?"

"Astagfirullah. Da tsumma mai tsabta nake nufi. Amma sai goma. Kuma opa, kin san maganar da muka yi."

Sai goma. Awa biyu na sanduna da yatsu da takardun zane. Sabohat ta ajiye wayar, ta ɗaga kai, ta ga Toshpulat yana saukowa zagaye na biyu, ya samo laima daga wurin wani, ya juya ta yana riƙe da tsinin, ƙugiyar tana gaba. Ya kai hari ya kuskure. Da ya iso ƙasa ya ɗaga mata yatsa ɗaya, wai saura kaɗan.

"Baban Asror, bar ta," ta ce ta taga. "Na roƙe ka bar ta. Tsaya a nan ka hana mutane taɓawa, shi ke nan aikinka."

"Na gano dabarar yanzu, daga gefen hawa ya fi kusa."

"Na ce ka bar ta!"

Ya riga ya hau. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa jin maganarta ba sai bayan abin ya lalace, sannan ya zo ya ce ai da ma ita ce mai gaskiya. Ta bi hularsa da ido tana hawa, fitila ta goma, ta tara, ta takwas. Ya kwanta a kan madafa, ya miƙa laimar, ƙugiyar ta shiga ƙarƙashin gurasar. Ya ja. Masu kallo suka ce "Yauwa!" da baki ɗaya.

Gurasar ta miƙe a kan gefenta, ta kuɓuce wa ƙugiyar, ta ci gaba da gangarowa daga inda ta tsaya. Ta goga fitila ta takwas, ta karkace, ta hau madafar ɗaya gefen, ta yi tsalle ta faɗa kan matakalar saukowa, tsakanin ƙafafun mutane.

Abin da ya biyo baya Sabohat ba ta taɓa ganin irinsa ba a shekara goma sha tara. Ba wanda yake so ya taka gurasa, ba wanda yake so ya tsallake ta. Na ƙasa da ita suka zabura suka sauka a guje suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake ruwa. Na sama da ita suka ja da baya suna turo juna. Wanda ya rage a bayanta wani magidanci ne da ya ɗauko gadon jariri na katako a ka, hannunsa biyu a sama, ya cike faɗin matakalar, ba ya iya sunkuyawa, ba mai iya wuce shi. Gurasar ta samu taki biyar ita kaɗai, tana saukowa a kife cikin natsuwa kamar wani babban baƙo.

"A ɗauke ta! Wani ya ɗauke ta!" mai gadon yake ihu. "Ni hannuna ba sarari!"

A ƙarshen matakalar akwai haƙoran ƙarfen nan da takin ke shigewa ƙarƙashinsu. Sabohat ta sha ganin sun cinye takalmi, sun cinye igiyar kare, sun cinye gefen buhun gyaɗa na wani ɗan kasuwa sun watso ɓawo. Ta duba ƙasa ko tsohuwar mai majalisa za ta kai hannu, ta ga tsohuwar ta rufe ido da tafin hannu tana salati. Ƙofar akurkin a baya take, sakatarta kuma sai an yi mata lallashi. Saura taki takwas. Saura shida.

"Kowa ya riƙe!" ta ce, ta ja birki da hannu biyu.

Matakalar ta yi gurnani ta tsaya. Mutane suka yi luu gaba suka dawo, gadon jaririn ya yi tangal-tangal a kan mai shi, wata mata ta zauna a kan jakarta tana zagin kakannin wanda ya ƙirƙiro lantarki. Ba wanda ya faɗi. Ba jini, ba karaya, daidai abin da Feruza ta ce kada ya faru.

Tunda an riga an jiƙe, Sabohat ta doki sakatar da gwiwar hannu ta fito. Gurasar tana taki na biyu daga haƙoran. Ta durƙusa ta ɗauke ta da hannu biyu, ta sumbace ta ta kai goshi, sau uku, mutanen wurin suna shafa fuska suna cewa amin. Ba ta fashe ba. Gefe ɗaya ya ɗan goge, shi ke nan. Hawaye suka cika mata ido, ta juya ta, ga furen hatimin uwarta a tsakiya, ta kai babban yatsa wurin cizon don ta taɓa ɗan tudun nan na wushirya da ta yi shekara uku ba ta gani ba.

Babu tudu a tsakiya. Ta share ido da bayan hannu ta sake dubawa. Cizon faffaɗa ne, na babban baki, tsakiyarsa sumul, sai can gefen hagu aka bar wani kauri, wurin da mai cizon ba shi da haƙori. Ta san cizon nan. Shekaru tana kwashe shi daga kan ledar cin abinci, a jikin tuffa, a jikin guntun gurasa da aka ci aka bari, tun ranar da wani likita ya cire wa Toshpulat haƙorin hagu na sama.

Feruza Nabiyevna ta iso tana ratsa mutane, jar hular a karkace, bakinta cike da magana. Ta ga abin da ke hannun Sabohat, ta ga cizon, maganar ta maƙale.

"Ta matafiyi ce?" ta tambaya a hankali.

Feruza ta taɓa gurasar da yatsu ta kai leɓe, sannan ta gyara murya. "Takardar bayani kafin azahar, opa. Ban san me zan ce musu a sama ba. Minti ɗaya na ba ki, ki tayar da matakalar nan." Ta juya tana kora mutane gefe.

Toshpulat ya juyo ya sauko da ƙafa ta matakalar hawa da ita ma ta tsaya, yana haki, laimar mutane a hannu, yana murmushin wanda ya ci yaƙi.

"Kin gani ko? Na ce miki daga gefen hawa..."

Ta ɗaga gurasar ta juyo masa da wurin cizon. Murmushin ya zube.

"Baban Asror, bakin wa ye wannan?"

Ya dubi laima, ya dubi salwa, ya dubi mai gadon jariri, ba wanda ya taimake shi.

"Ƙusar ce ta fita," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Kina wurin aiki. Na shigo na tarar da jakar a ƙasa, na buɗe, ta zama gari, Maman Asror, ko guda mai girman tafin hannu babu. Na zauna a wurin har la'asar. Na ce in matar nan ta gani, ita ma binne ta za mu yi. Na ɗauki hatiminki na kai wa mai gurasar bakin masallaci ya gasa min irinta. Kwana tara ina shanya ta a kan rufi ina korar tsuntsaye, jakar kuma na cusa mata faranti na rataye don kada ki ga wurin wayam."

"Garin fa?"

"Na zuba a gindin inabin da ya shuka."

Ta so ta kwaɗa masa gurasar a ka. Ta so ta kama gemunsa ta tambaye shi wane irin mutum ne zai bar matarsa tana gaida cizonsa kowace safiya, tana yi masa addu'a, yau kuma ta sayar da aikinta a kansa a gaban mutum ɗari uku. Haushi ya taso mata har wuya. Amma a ƙarƙashin haushin akwai wani abu mai sanyi da ya fara motsi. Ƙusar da ta yi shekaru a bango ba ta fita haka kawai. Bango sai ya yi rawa. Bangonsu kuwa ya fara rawa ne da motocin rusau suka shigo, farkon sanyi, a watan Oktoba, watan da wayar ta mutu.

"Yaushe?" ta ce.

Toshpulat ya jingina laimar da akurki. Ta ga kafaɗarsa ta dama ta motsa, hannun ya fara tashi.

Kafin ya wuce ƙirji ta tura masa gurasar a ciki.

"Riƙe. Da hannu biyu, kada ka sake yar da ita. Riƙe da kyau." Ta danne yatsunsa a kan gefen gurasar da nata, dama da hagu. "Yanzu faɗa min. Yaushe?"

Ya dube ta. Idanunsa sun yi ja.

"Tun shekarar farko," ya ce. "Bai fi wata huɗu da tafiya ba. Bayan nan sau nawa ya kira? Har hotonsa ya aiko cikin ƙanƙara, kin manta? Lafiyarsa ƙalau ya yi ta kira, gurasar tana gindin inabi."

Yatsunsa suna motsi a ƙarƙashin nata. Ba ta sake su ba sai da suka natsu.

"To," ta ce. "Tun shekarar farko."

"Tun shekarar farko."

"Ashe ba komai ke nan."

"Ba komai, Maman Asror."

Ta ɗauko farar jakar da wani ɗalibi ya tsinto ya miƙo mata, ta ɗora masa a kan gurasar ba tare da ya ɗaga hannu ba.

"Hau sama ka tare tasi. Tasi na ce. Ka kafa ƙusa biyu, ka rataye ta inda zan gan ta daga bakin ƙofa. Tsuntsunka ya zauna a nan, in ya sake kuka a lasifika miya zan yi da shi."

Ta koma akurkinta ta ja sakata, ta zauna, ta ce, "Fasinjoji, a riƙe madafa, matakala za ta tashi." Muryar ta fito kamar ta kullum. Ta saki birki, mai gadon jariri ya iso ƙasa yana godiya ga Allah, tsohuwar mai haƙoran zinariya ta tafi neman jirginta tana ba wata labarin yadda ita ce ta fara gani.

Toshpulat ya taka matakalar hawa, gurasar a ƙirji. Wani mai sauri ya bangaje shi a kafaɗa, hular ta zame ta karkace masa har kan kunne. Ya bar ta a haka. Wani yaro yana zaune a kan taki, wata mata rigarta tana jan ƙasa, Sabohat ba ta ce musu komai ba. Hannayensa take kallo, duka biyun, har matakala ta kai shi sama.